Kuramen jirage da sararin da ke saman gidajenmu: wa zai tsara shi?

Sani mai awon fili (Garwa):
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Akwai maganar da ban ga mun taɓa tattaunawa a nan ba, alhali ta riga ta iso mu: kuramen jiragen nan marasa matuƙi, da batun wanda zai tsara sararin da suke yawo a ciki. Na soja daban ne. Ina nufin na neman abinci: ɗaukar hoton biki, awon fili, feshin gona, kai magani. Dukkansu ƙasa-ƙasa suke tashi, daga saman bishiya zuwa kamar mita 120, inda jirgin fasinja ba ya bi sai wajen tashi da sauka.

Wasu ƙasashe sun riga sun zauna sun tsara wannan sarari. A Sin dokar ƙasa baki ɗaya ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2024: kowane jirgi sai an yi masa rajista da sunan mai shi na gaskiya, kuma an ware inda ƙaramin jirgi zai tashi ba sai ya nemi izini ba, da inda ba zai kusanta ba. A Disambar shekarar hukumar tsara tattalin arzikinsu ta buɗe sashe guda don wannan harka kaɗai. Tarayyar Turai ma mita 120 ta yanke. Mu nan Kamaru muna da hukumar jiragen sama ta CCAA a Yawunde, 'yan uwanmu na Chadi suna da tasu, ADAC, ga hukumar haɗin gwiwa ta ASECNA tana kula da zirga-zirgar manyan jirage a ƙasashen biyu. To amma mutumin Gidar ko na Pitowa da ya sayi jirgi don ya yi sana'a, ina taswirar da zai duba ya san nan halal, can haram? Ra'ayina shi ne mu nemi a tsara tun yanzu da bakinmu a ciki, kafin a gama rubutawa a kawo mana.

Usmanu mai hoto (Marwa):
Wa alaikumus salam. Yaya Sani, ka taɓo inda ke mini ciwo. Jirgina da na tara kuɗi na saya don aikin biki, an karɓe shi a wani shinge a kan hanya, yana cikin jakarsa, ko batir ban sa masa ba. Na nuna rasit, aka ce ina takardar izini. Na ce a ina ake samu, aka ce in je in tambaya. Har yau jirgin bai dawo hannuna ba, kuma bashin da na ci don cika kuɗinsa ina nan ina biya. Ni ban ƙi doka ba. A ce mini ga ofis, ga kuɗin tambur, ga jarrabawar da zan yi, wallahi gobe zan je.

Hajiya Rabi (Marwa):
Usmanu, Allah ya mayar maka da alheri. Amma bari in faɗa muku ta ɓangarenmu, domin ku maza kuna maganar sana'a, mu kuwa a tsakar gida muke wuni. Bikin da aka yi a layinmu, abin nan ya zo ya tsaya cak a saman gidana yana ƙugi. 'Ya'yana mata suna wanki, kai ba ɗankwali, kowa da ɗaurin ƙirji. Makewayinmu ba rufi, kamar na yawancin gidajen unguwa. Mun gina katanga mai tsawo, mun yi zaure, mun rubuta "ba a shiga" a ƙofa, sai ga ido ta sama. Wa zan kai wa ƙara? Ban ga mai tuƙa shi ba, ban san ina hoton ya tafi ba. Duk tsarin da za a yi, in bai fara da wannan ba, ni ban da hannu a ciki.

Usmanu mai hoto (Marwa):
Gaskiyarki Hajiya. Akwai yaran da ke ɓata mana suna. Wanda ya san aikinsa yana juya kyamara wajen filin biki ne kawai.

Hajiya Rabi (Marwa):
Ɗana, ni da ke ƙasa ta yaya zan san ina ka juya ta?

Malam Ɗahiru (Garwa):
Tambayar Hajiya ita ce asalin magana, kuma malamanmu ba su bar ta ba ko da yake ba su ga wannan na'ura ba. A fikihun Malikiyya da muke karantawa a zaurukanmu, wanda ya mallaki ƙasa ya mallaki iskar da ke samanta, har an yi bayanin halaccin mutum ya sayar wa wani sararin da ke saman gininsa don ya ɗora bene, in an siffanta ginin da za a yi. An kuma hana mutum buɗe taga da za ta leƙa tsakar gidan maƙwabcinsa. Aya ta 27 a Suratun Nur ta hana shiga gidan wani sai da izini da sallama, kuma an shar'anta neman izinin ne saboda ido. To idan taga da ba ta motsi an ce a toshe ta, ina ga wadda ke tashi ta zo ta tsaya a kanka?

Sai dai kada mu wuce gona da iri. Jirgin alhazai yana tashi daga Garwa ya bi ta saman gidajenmu, ba wanda ya ce an keta masa haddi, domin ba ya ganin kowa, ba ya cutar da kowa. Ashe ke nan akwai iyaka tsakanin sararin mai gida da sararin jama'a. Aikin hukuma ne ta faɗi inda iyakar take da lamba, ta kuma bambanta mai wucewa da mai tsayawa yana kallo.

Sani mai awon fili (Garwa):
Allah ya gafarta Malam, wannan bambancin na mai wucewa da mai tsayawa ya fi duk abin da na zo da shi. Kuma akwai amsar tambayar Hajiya a fasahance. A Amurka da Turai yanzu ana tilasta wa yawancin jiragen su riƙa watsa lambarsu da wurin da mai tuƙin yake tsaye, yadda wayar hannu da ke kusa za ta iya kamawa. Da muna da haka, da Hajiya ta sa ɗanta ya duba waya, ta ɗauki lamba ta kai wa lawan ko jandarma. Rajistar da Usmanu ke nema ita ce za ta ba Hajiya wanda za ta kama.

Hadiza ungozoma (Yagwa):
Ku yi mini haƙuri in shigo da tawa, don ni abin da ke raina daban ne. Kowa a zauren nan ya san abin da muka gani a ambaliyar 2024 a Mayo-Danay. Amma ko shekarar da ba a yi ambaliya ba, daga Yuli zuwa Oktoba akwai ƙauyukan da babur ma ba ya shiga, sai kwalekwale. Mace ta haihu, jini ya ɓalle. Abin da take bukata leda ɗaya ko biyu ne na jini, ko allurar tsayar da jinin da ba ta lalace da zafi ba. Na riƙe hannun wadda ta rasu muna jiran ɗan aike ya dawo. Haka saran kububuwa lokacin noma: maganin yana babban asibiti, mutumin yana gona.

A Ruwanda tun Oktoban 2016 kamfanin Zipline yake kai jini ta sama. Ma'aikaciya ta aika saƙo ta waya, a ɗora ledar a jirgi, ya zo saman asibiti ya sako ta da 'yar lema, ya juya gida ba tare da ya sauka ba. Ghana ta fara a 2019, jihar Kaduna a 2022. Kayan da yake ɗauka bai kai kilo 2 ba, amma yana zuwa nisan kamar kilomita 80 ya dawo. Ku auna daga Marwa: Mora, Mokolo, Kaele, Bogo, har Maga duk suna ciki. Mu Yagwa mun ɗan fita, sai an yi mana tamu tasha. Ni duk wata doka da za ta ce an hana tashi a Arewa Mai Nisa gaba ɗaya saboda tsaro, ina ganinta a matsayin hukunci a kan matan nan.

Alhaji Garba (Ngaundere):
'Yata Hadiza, Allah ya saka miki, Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Amma ni dattijo ne, bari in faɗi abin da ba a son ji. Kuna maganar Ruwanda kamar ƙasarmu ɗaya da su. Ruwanda ƙarama ce, ba ta da Tafkin Chadi, ba ta da dutsen Mandara. A watan Maris na 2025 an kai wa sojojinmu hari a Wulgo, rahotanni suka ce har da jiragen nan ɗauke da abin fashewa. Irin wanda Usmanu ke hoton amarya da shi, irinsa ake ɗaura wa bam. Sojan da ke shinge a Mora ko Kolofata ya ji ƙugi a sama da dare, me kuke so ya yi, ya tsaya tambayar jini ne ko wuta? Nijeriya ma tun 2016 ta ce sai da izinin hukumar jiragen sama da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Ba a banza suka yi ba.

Hadiza ungozoma (Yagwa):
Baba, ban musa ba. Amma masu ɗaura bam ba sa zuwa neman izini. Hanin, mu kaɗai yake kamawa.

Alhaji Garba (Ngaundere):
Haka ne. Sai dai in sama ta cika da jirage, ta yaya za a gane na ɓarna? Yanzu da babu kowa, duk wanda aka gani abin zargi ne, aikin soja ya yi sauƙi.

Sani mai awon fili (Garwa):
Baba Alhaji, ka fi mu sanin amsar wannan, don kai mai harkar shanu ne. Burtali. Ba a hana garke tafiya don ana satar shanu, ana yanka masa hanya ne da kowa ya sani, wanda aka gani a wajenta shi ake tambaya. Jirgin magani yana da hanya ɗaya tak, daga tasha zuwa asibiti, tsayi sananne, lokaci sananne, kuma kwamandan yankin yana ganinsa a allonsa tun kafin ya tashi. Malawi ta yi haka a 2017 tare da UNICEF, ta ware fili a Kasungu don gwaji kawai, kafin ta faɗaɗa. Ba sai mun fara da bakin iyaka ba. A fara da inda ke lafiya, tsakanin Garwa da Lagdo da Poli misali, inda kububuwa ta fi yawa, a ga yadda zai tafi.

Kuma kada mu manta, kurman jirgi ba baƙo ba ne a samanmu. A 2015 Amurka ta kawo sojoji kusan 300 Garwa don aikin leƙen asiri ta sama. Abin da bai iso ba shi ne rabon farar hula.

Abdulkarim (Kusiri):
Duk kuna magana kamar ƙasa ɗaya ce a sama. Ku zo Kusiri ku gani. Ina tsaye a ƙofar shagona ina ganin jirgi yana sauko da tayoyinsa zai sauka Injamena. Filin jirgin Hassan Djamous yana ƙetaren kogi kaɗan, kuma a nan sansanin sojan sama yake. Yaro ya tayar da jirginsa a bakin Logone, ƙafarsa a Kamaru, abin wasansa a gaban jirgin fasinja na Chadi. Wace hukuma ce za ta hana shi, ta Yawunde ko ta Injamena?

Musa (Injamena):
Yaya Abdulkarim ya faɗi gaskiya, mu ma daga nan muna ganin fitilun Kusiri. A takarda amsar tana nan: yarjejeniyar Chicago ta 1944, sashe na 8, ta ce jirgi maras matuƙi ba zai shiga sararin wata ƙasa ba sai da izini na musamman daga ƙasar. Amma an rubuta wannan ne ana tunanin babban abu, ba wanda ake sawa a jakar goyo ba. Na'urorin hasumiya an yi su ne don manyan jirage masu sanar da kansu. Ƙaramin abu na roba a mita 60 ba ya fitowa a allonsu. Kuma haɗarin ba wasa ba ne. A Disambar 2018 filin jirgin Gatwick na Ingila ya tsaya cak saboda rahoton ganin kuramen jirage, tashi da sauka kusan 1,000 suka lalace. Ku ɗauka haka ta faru nan lokacin jigilar alhazai.

Abin da ya ba ni fata shi ne ASECNA tamu ce mu duka, tun 1959 take, kuma ita ke riƙe da hasumiya a nan da can. In akwai wurin da ya kamata a zana da'ira ɗaya da ta haɗa garuruwa biyu na ƙasashe biyu, a ce cikin nan ba a tashi, to Kusiri da Injamena ne.

Abdulkarim (Kusiri):
To in an zana da'irar, Kusiri gaba ɗayanta ta faɗa ciki ke nan. Mu shi ke nan ba mu da rabo? Ga hanyar Mora zuwa Dabanga kowa ya san halinta da damina. In akwai garin da ke bukatar a kawo masa abu ta sama, mu ne.

Musa (Injamena):
Da'irar ba ta hana wanda hasumiya ta san da shi. Tana hana na gaba-gaɗi ne. Ni abin da nake hange ma ya wuce haka: jini daga Injamena zuwa asibitin Kusiri minti kaɗan ne ta sama, maimakon layin gadar Ngeli. Amma wannan sai gwamnatocin biyu sun sa hannu.

Alhaji Garba (Ngaundere):
Nan kuma kwastan za su ce me? Abin da ya ɗauki jini zai ɗauki tiramol.

Abdulkarim (Kusiri):
Baba, tiramol ɗin yana ƙetarewa a kwalekwale tun ba yau ba.

Iliya (Maga):
Salamu alaikum, yanzu na dawo daga fadama na tarar da zaure ya cika. Ba wanda ya yi maganar manomi sosai. Mu masu shinkafa a filayen kamfanin noman shinkafa na SEMRY, da masu masakwa a karal, wato ƙasar laka, babban abokin gabarmu tsuntsun jan-baki ne. In suka sauko, gonar da ka yi wata huɗu kana wahala a kanta sai ta zama ƙaiƙayi. Yaranmu suna barin makaranta su wuni suna kaɗa gwangwani. Na ga bidiyon jirgin feshi na kamfanin DJI mai ɗaukar lita 40, na ce ina ma ƙungiyarmu ta samu ko ɗaya. Masu auduga ma haka, mutum ya goya famfo a baya yana shaƙar magani har ya kwanta ciwo.

Amma ina da tsoro guda, kuma shi ya sa nake goyon bayan Yaya Sani cewa a tsara. Maganin da ake fesa wa tsuntsayen nan guba ne mai ƙarfi, ba jan-baki kaɗai yake kashewa ba. Mu kuma nan tafki ne, kifi ne abincinmu da kasuwarmu, shanu suna sha, mata suna ɗiba. Ga masu kama tsuntsun da raga suna soyawa suna sayarwa, mutane suna ci. In kowane mai kuɗi zai sayi jirgi ya cika shi da abin da ya ga dama ya tashi da iska tana kaɗawa, gonar maƙwabci da ruwan gari duk sun shiga uku. Izinin tashi kaɗai bai isa ba. Sai an haɗa da malaman gona su faɗi wane magani, wane lokaci, nisa nawa daga ruwa, kuma wa zai biya in an yi ɓarna.

Malam Ɗahiru (Garwa):
Wanda ya yi ɓarna shi ke da lamuni, Iliya, ko da bai yi nufi ba. Wannan a fili yake. Matsalar ita ce tabbatar da wanda ya yi, sai mu koma kan rajista.

Hajiya Rabi (Marwa):
Na karanta na Hadiza sau biyu, jikina ya yi sanyi. Ni ma na rasa ƙanwa wajen haihuwa. In jirgin jini ne, ya bi ta saman ɗakina ma na yafe. Sharaɗina biyu: kada ya tsaya, kuma hoton da ya ɗauka a hanya kada ya zama na kamfani ya ajiye. Wannan na biyun ban ji kowa ya amsa ba. Sani, kai da kake awon fili, hotunan unguwannin da kake ɗauka suna ina yanzu?

Sani mai awon fili (Garwa):
Suna cikin kwamfutata, Hajiya, da ta wanda ya ba ni aikin. Daga tsayin da nake aiki rufi da katanga da bishiya ake gani, amma tsakar gida ma tana fitowa. Abin da ya kamata doka ta ce: a sanar da lawan da masu unguwa kafin ranar awo don a gaya wa gidaje, a ɓata tsakar gidaje a hoton kafin a miƙa shi, a kuma sa wa'adin gogewa. Ni a shirye nake in bi wannan tun kafin a rubuta shi.

Kuma amfanin awon nan babba ne. Rikicin iyakar gona, filin da aka sayar wa mutum biyu, hanyar ruwan da aka toshe da gini a Marwa har kogi ya shiga gidaje, duk hoton sama yana nuna su. Masu gadin daji ma suna bukata. Kowa ya tuna giwayen gandun dajin Buba Njida da aka karkashe a 2012.

Alhaji Garba (Ngaundere):
To na sassauto, amma ba duka ba. In za a yi, izini ya zama a kusa. Mutumin Tuboro ba zai kai dosiye Yawunde ba. A sa tebur a filin jirgin Garwa, da na Marwa-Salak, da namu na Ngaundere, wakilin hukumar jirage da na tsaro su zauna tare, amsa ta fito cikin kwanaki sanannu. Kuma a bambanta kuɗin yaro mai hoton biki da na kamfani. In aka sa musu kuɗi ɗaya, yaranmu za su koma yi a ɓoye, kamfanonin waje su kwashe aikin. Amma bakin iyaka, daga Mayo-Sava zuwa tafki, ni har yanzu ina kan bakana: soja ne zai ce e ko a'a.

Hadiza ungozoma (Yagwa):
Baba, matan Mayo-Sava ma suna haihuwa. In soja ne zai ce e, to a sa shi a teburin tun farko, a nuna masa hanyar, kada a bar shi ya ji ƙugi bai san na wane ne ba.

Usmanu mai hoto (Marwa):
Mu masu hoto a Marwa muna da ƙungiyarmu ta WhatsApp. Zan kai musu maganar Hajiya yau: ba tashi a saman gidan da ba na biki ba, kuma a gaya wa maƙwabta kafin a tayar. Wanda ya ƙi mu daina ba shi aron batir da aiki.

Sani mai awon fili (Garwa):
Zan rubuta abin da aka faɗa a takarda ɗaya da Faransanci, in sa a nan kowa ya gyara kafin mu nemi ɗan majalisar da zai karɓa. Musa, kai ka ga yadda za a yi ta ɓangarenku. Iliya, ina bukatar sunan maganin da ake ba ku na tsuntsu da na shinkafa, yadda yake a jikin galan.

Iliya (Maga):
Gobe in Allah ya kai mu zan ɗauki hoton galan ɗin in turo. Ka sa maganar masunta a ciki, su ba su cikin zauren nan, kuma ruwan nasu ne kafin namu.